Na ɗauke wa Baba komai, amma kullum sai ƙara shiru yake yi

Malam, ina neman shawara a kan mahaifina. Shekararsa 76. Kafinta ne, ya haura shekara 50 yana sana'ar. Mahaifiyarmu ta rasu shekara biyu da suka wuce, sai na ga bai dace a bar shi shi kaɗai ba, na ɗauko shi daga garin da ya yi rayuwarsa na dawo da shi gidana. Na ba shi ɗakin da ya fi kowanne kyau, na sa masa talabijin, na saya masa waya. Maiɗakina tana kula da abincinsa da maganinsa, yara suna shiga su gaishe shi safe da yamma. Na hana shi taɓa kowane aiki, na ce ya huta, ya yi mana iya nasa. Amma tun da ya zo sai ramewa yake yi. Ba ya fitowa falo sai an matsa masa, in ana hira sai ya yi zugum ko ya tashi. Abu kaɗan sai faɗa, har yana cewa muna maganarsa a bayan idonsa. Kwanan baya na shiga na tarar da shi zaune cikin duhu. Na tambaye shi abin da ke damunsa, ya ce ba komai, shi dai lokacinsa yake jira. Ƙanwata ta ce kaɗaici ne. Ni kuwa na ce wane irin kaɗaici a gidan da ke da mutum tara? Ina na yi kuskure?

Daga ɗa mai neman albarka

Ɗan'uwana, Allah ya jiƙan mahaifiyarku, ya sa ta huta. Kai kuma Allah ya ba ka ladan abin da ka yi, don ba kowane ɗa ne zai share ɗakin da ya fi kyau a gidansa ya ba tsohonsa ba. Na fara da wannan ne saboda abin da zan faɗa maka zai ɗan yi ɗaci, kuma ba na so ka ɗauke shi a matsayin zargi.

Ƙanwarka ta kama bakin zaren. Kaɗaici ne, kuma mutum tara ba sa hana shi. Masu nazarin wannan al'amari sun daɗe da raba abu biyu da mukan haɗa wuri ɗaya. Akwai ƙarancin mutane, wanda ana iya ƙirgawa: mutum nawa kake gani a mako, sau nawa wayarka take ƙara. Akwai kuma kaɗaici, wanda a zuci yake, wato tazarar da ke tsakanin irin hulɗar da mutum yake marmari da wadda yake samu. Wani yana zaune shi kaɗai a gida, ransa fes. Wani kuma ana ta kai da komo a kansa, ana ajiye masa kwano ana ɗaukewa, amma har ya manta rabon da wani ya zauna ya yi masa maganar da ta wuce "ina kwana, ya jiki". Gaisuwar safe da yamma ladabi ce mai kyau, kada yara su daina. Sai dai ka haɗa ta duka ka gani ko za ta cika minti goma a cikin awa 24. Sauran lokacin fa, da wa yake?

Ka zauna ka lissafa abin da ya fita daga hannun Baba a shekara biyun nan. Na farko, matar da ta san shi tun yana da baƙin gashi, wadda in ya ce "kin tuna" ba sai ya ƙarasa ba. Wannan rashi daga Allah ne, ba wanda ya isa ya hana. Sai garin da in ya leƙa ƙofa ake kiransa da sunansa. Sai abokan da suka tsufa tare. Sai zarto da guduma, waɗanda hannunsa ya saba da su fiye da rabin ƙarni. Ukun nan na ƙarshe kai ka raba shi da su, da zuciya ɗaya, don ka hutar da shi. A can shi ne wanda ake sallama da shi in ƙofa ta ƙi rufuwa. A gidanka shi ne wanda ake tuna wa lokacin shan magani. Ko kai aka yi wa wannan sauyi a wata guda, za ka zauna cikin duhu.

Zan dawo kan wannan, don a nan maganin yake. Amma akwai abu biyu da ba sa jira.

Ka kai shi a duba kunnensa. Ina karanta wasiƙarka sai abubuwa uku suka tsaya mini a rai: yana yin zugum in ana hira, yana tashi daga falo, yana zargin ana maganarsa. Haka mutumin da jinsa ya fara raguwa yake yi, balle wanda ya yi shekara 50 cikin ƙarar guduma da injin yanka katako. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin ɗari na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji wanda yake takura musu rayuwa. Kurumtar tsufa a hankali take shigowa, kuma siraran sautuka take fara cinyewa, shi ya sa muryar yara takan fara ɓace wa tsoho, kuma in mutum biyar suna magana lokaci ɗaya ga talabijin yana yi, sai komai ya zame masa hayaniya. Ya ce "iye?" sau ɗaya, ya ce sau biyu, na uku wani yaro ya yi dariya, shi ke nan ya daina tambaya. Yana ganin baki yana motsi, ana kallonsa ana murmushi, me kake so ya zata? Wani lokaci ma dauɗar kunne ce kawai ta toshe, a wanke a asibiti mutum ya dawo duniya. In kuma na'urar ƙara ji ake bukata, a nema masa. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet, a rahotonsa na 2020, ya sa raunin ji cikin manyan abubuwan da ake iya magancewa don rage haɗarin ciwon mantuwa. Tun da an je, a duba ido da haƙora. Ka kuma ba shi wuri shi da likita su kaɗai, don akwai abin da dattijo ba zai faɗa a gaban ɗansa ba. Tsofaffi da yawa sun daina shiga mutane saboda fitsari yana kuɓuce musu, kuma har su koma ga Allah ba wanda suka gaya wa.

Na biyu, maganar nan ta jiran lokaci. Tsofaffi sukan faɗe ta cikin natsuwa, ba tare da wata matsala ba. Amma in ta haɗu da rama da zama cikin duhu da saurin fushi, dole a yi tunanin ciwon damuwa. A wajen tsofaffi ba lallai ya zo da kuka ba. Yakan zo da rashin barci, da ƙin abinci, da ciwon jiki nan da can, da faɗa, sai iyali su ce ai tsufa ne. Ciwo ne da yake jin magani a kowane shekaru. Ka gaya wa likita duk abin da ka gaya mini, har da jerin magungunan da yake sha, don wasu magungunan kansu suna sa kasala. Kuma ka tambayi Baba kai tsaye, cikin ladabi, ko yana jin rayuwar ta ishe shi ne. Tambaya ba ta cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi. In ya fara ƙin magani da gangan, ko ya daina ci, ko ya yi maganar cutar da kansa, a ranar za a kai shi, ba sai an jira mako ya zagayo ba.

Faɗan da yake yi kuwa, kada ya ɓata maka rai da yawa. Ruwa ba ya tsami banza. Marigayi John Cacioppo na Jami'ar Shikago, wanda ya ƙarar da shekaru masu yawa yana nazarin kaɗaici, ya kwatanta shi da yunwa da ƙishirwa: ƙararrawa ce da jiki yake bugawa don mutum ya nemi 'yan'uwansa. Matsalar ita ce in ƙararrawar ta daɗe tana bugawa ba a amsa ba, sai mutum ya koma zaman ɗar-ɗar, yana hango raini inda babu, yana fassara shirun mutane da ƙiyayya. Sai ya yi faɗa, mutane su ja baya, jan bayan ya tabbatar masa da zarginsa. Ka fahimtar da maiɗakinka wannan, don ita ce take wuni da shi, kuma ina kyautata zaton ita ta fi kowa shan faɗan. Ka gode mata, ka kuma rage mata nauyi.

Kada ka ɗauka ƙaramin abu ne da zai wuce da kansa. A 2010 Julianne Holt-Lunstad ta Jami'ar Brigham Young da abokan aikinta sun tattara bincike 148 da suka shafi mutum sama da 300,000, suka ga waɗanda suke da ƙaƙƙarfar hulɗa da mutane sun fi sauran yiwuwar ci gaba da rayuwa da kashi 50 cikin ɗari a tsawon lokacin da aka bibiye su. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya yi gargaɗin cewa illar rashin hulɗa tana iya kai ta shan kara 15 na sigari a rana. Birtaniya ta naɗa minista mai kula da kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. Kuma kada wani ya ce maka ciwon ƙasashen masu kuɗi ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2025 ya ce mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici, kuma adadin a ƙasashe matalauta ya kai wajen kashi 24 cikin ɗari, ya ninka na ƙasashe masu arziki.

To, mu koma kan kuskuren da ka tambaya. Yana cikin jimlar nan taka: "Na hana shi taɓa kowane aiki."

Mu 'ya'ya muna auna kulawa da abin da muka bayar. Tsoho kuwa sau da yawa yana auna darajarsa da abin da har yanzu ake nema a wurinsa. Ka cika masa ɗaki da kaya, amma ka kwashe masa dalilin tashi da safe. A 1976 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Ellen Langer da Judith Rodin, sun yi wani gwaji a gidan kula da tsofaffi a Amurka. Aka ba mazauna wani bene tukunyar shuka, aka ce su za su kula da ita, aka kuma bar musu zaɓi a ƙananan abubuwa, kamar yadda za su tsara ɗakinsu da daren da za su kalli fim. Na wani benen su ma aka ba su shuka, amma aka ce ma'aikata za su shayar musu, kada su damu, komai za a yi musu. Bayan 'yan makonni, waɗanda aka ɗora wa nauyi sun fi kuzari da fara'a da shiga mutane. Dubi irin nauyin fa, shayar da shuka ɗaya tak. Kai kuwa, ba da saninka ba, a bene na biyu ka ajiye Baba.

Akwai wani binciken da ya fi wannan kusa da zancenmu. Stephanie Brown da abokan aikinta a Jami'ar Mishigan sun bibiyi tsofaffin ma'aurata 423 tsawon shekara biyar, suka buga sakamakon a 2003. Waɗanda suke taimaka wa dangi da maƙwabta da abokai sun fi ƙarancin mutuwa a wannan tsakani. Karɓar taimako shi kaɗai bai nuna irin wannan amfani ba. Ban ce ka daina yi masa hidima ba. Cewa nake ka buɗe masa ƙofar da shi ma zai yi wa wani.

Ina kayan aikinsa? In suna can an kulle a tsohon gida, ka je ka ɗauko. Ka ware masa wani gefe a tsakar gida, da teburi da inuwa. Ba sai ya ɗaga katako mai nauyi ba, kuma in hannunsa yana rawa ko idonsa ya yi rauni, a bar injin, a tsaya a kan ƙananan gyare-gyare. Abin da ya fi muhimmanci, ka haɗa shi da yaro ɗaya daga cikin 'ya'yanka, wanda ya fi son taɓe-taɓe, ya zama ɗan aikinsa. Ɗaya na ce, don in ka tura su duka hayaniya za ta dawo. Maza da yawa ba su iya zama a fuskance su a ce "faɗi abin da ke ranka" ba, amma ka ba su abin yi a hannu, wani yana riƙe musu katako, sai ka ji labarin da ba ka taɓa ji ba. A kan wannan fahimta aka kafa rumfunan maza a Ostireliya tun shekarun 1990, inda tsofaffi suke haɗuwa suna sassaƙa da gyare-gyare, hira tana zuwa da kanta. Yanzu sun bazu zuwa ƙasashe da dama. A Zimbabuwe kuma likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata suna zama a benci kusa da asibitoci suna sauraron masu damuwa, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya nuna masu zuwa wurinsu suna samun sauƙi sosai. Mutanen da ake ɗauka sun gama amfani su ne suka zama maganin. Da tsohuwar zuma ake magani, ai ba yau aka faɗa ba.

Gargaɗi ɗaya: kada ka ƙirƙiro masa aikin wasa. Mutumin da ya yi shekara 50 yana sana'a zai gane in ana lallashinsa kamar yaro, kuma zai fi jin zafin wannan a kan zaman banza. Aikin ya zama na gaske, wanda in bai yi ba sai an kira wani an biya. Haka shawara. In za ka sayi wani abu, ko kana da matsala da wani a wurin aiki, ka shiga ka tambaye shi tun kafin ka yanke hukunci, kuma wani lokaci ka bi abin da ya ce ko da naka ya ɗan fi. Yaushe rabon da ka shiga ɗakinsa da wata bukata taka?

Sai maganar abokai, wadda kai ba za ka iya cike gurbinta ba komai ƙoƙarinka. Akwai hirar da mutum ba ya yi da ɗansa. Laura Carstensen ta Jami'ar Stanford ta nuna cewa in shekaru suka ja, mutane da kansu suke rage yawan abokan hulɗa, su riƙe 'yan kaɗan da suka fi kusa da zuciyarsu. Saboda haka kada ka ɗauke shi kana zagaya taro da shi don ya yi sababbin abokai, zai gaji ya ƙara tsanar fita. Ka tambaye shi mutum biyu ko uku da ya fi kewa. Ka nemo lambobinsu. Wayar da ka saya masa, ka tabbata ya iya amfani da ita kuwa? Sau da yawa mukan miƙa wa tsoho waya mai shafe-shafe mu juya baya, shi kuma kunya ta hana shi cewa bai gane ba. Ka sa masa sunayen da manyan haruffa, ka ƙara sautin, ka tsayar da rana da lokaci da za a riƙa kiran, don abin da aka sa wa rana shi mutum yake ɗoki. Kada ka raina gajeren kira. A wani gwaji da aka buga a 2021 a Amurka, an riƙa kiran mutum wajen 120 da ba sa iya fita, yawancinsu tsofaffi, kiran da bai cika wuce minti goma ba, tsawon mako huɗu, masu kiran kuma ba likitoci ba ne, an dai koya musu sauraro. Kaɗaici da damuwar waɗanda aka kira sun ragu in aka kwatanta da waɗanda ba a kira ba. Amma waya ba ta maye gurbin ido da ido. Zumunta a ƙafa take. Ka sa a cikin lissafinka cewa duk bayan wani lokaci za ka kai shi garinsu ya kwana biyu, ya zauna inda ya saba zama. A unguwarku ma ba za a rasa dattijo sa'ansa ba, ko a wurin ibada ko a hanyar zuwa. Ka bar shi ya taka da ƙafarsa in yana iyawa, a lokaci ɗaya kullum, don fuskar da ake gani yau da gobe ita take zama ta sani.

Akwai kuma wadda ba ka ambata ba sai a layi ɗaya. Kuna maganar mahaifiyarku a gabansa? Iyalai da yawa sukan daina kiran sunan mamaci don kada su tayar wa wanda aka bari da hankali. Shi kuwa da ita yake kwana yake tashi, sai ya ga kamar kowa ya manta da ita sai shi. Ka zauna wata rana ka ce, "Baba, yau na tuna Mama," ka kawo wani abu da takan yi ko takan faɗa. In ya yi hawaye, kada ka yi saurin cewa ya yi haƙuri ka canja zance. Ka yi shiru ka bar shi. Mai yiwuwa shekara biyu ke nan yana neman wanda zai yi wannan kuka a gabansa.

Na bar tambaya mafi nauyi a ƙarshe. Da ka ɗauko shi, ka tambaye shi, ko dai sanar da shi ka yi? In ba ka tambaya ba, har yanzu lokaci bai ƙure ba. Ka ce masa, "Baba, na kawo ka nan ne don ina tsoron barinka kai kaɗai, amma ban tambaye ka abin da kake so ba." Ka shirya jin amsar da ba za ta yi maka daɗi ba. Zai iya cewa gida yake so ya koma. In lafiyarsa ta yarda, kuma akwai wanda zai zauna da shi ko ya riƙa leƙa shi kullum, wannan ba faɗuwa ba ce gare ka, ko da mutane za su yi surutu. Ana iya raba shekara, wata kaza can, wata kaza nan. Zai iya kuma cewa zai zauna, kuma zaman da mutum ya zaɓa da bakinsa daban yake da wanda aka zaɓa masa, ko da ɗakin bai canja ba.

Kada ka tara iyali ka yi sanarwar cewa daga yau za a magance kaɗaicin Baba. Zai ji kamar an mai da shi abin tausayi, ya ƙara shigewa ɗaki. Kada kuma ka sa ran ganin canji a mako ɗaya. Ranar farko zai iya cewa ba ya so, ka bar shi, ka sake dawowa. Ka fara da likita a wannan makon. Sannan ka duba gidanka, ba za a rasa kujerar da ƙafarta take rawa ba. Ka ɗauka ka kai masa har ɗaki, ka ce, "Baba, wannan ta gagare ni." Ka ajiye ka fita, kada ka tsaya a kansa. In ya aiko yaro ya ce ƙusar da ka sayo ba ta da kyau, ka koma ka sayo wadda ya ce.